Nas ba 'yar aiken likita ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne kan shirinku na daren Laraba, domin har yau maganar baƙon da kuka gayyata tana ci mini rai. Wai aikin nas bai wuce ta yi allura, ta ɗaura ruwa, ta jira abin da likita zai rubuta a kati ba, saboda haka shekara uku a makarantar koyon jinya ɓata lokaci ne, wata shida ya isa. Mai gabatarwa kuma bai tanka masa ba, dariya ya yi ya ce a je talla. Wallahi wannan dariyar ta fi maganar yi mini ciwo.

Shekara 31 na yi ina aikin jinya, tun muna cikin jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996. Ranar da muka fara shiga aji ba sirinji aka miƙa mana ba. Abu huɗu malamarmu ta rubuta a allo: mutum, lafiya, muhalli, jinya. A kansu aka gina duk abin da muka koya daga baya. Allah ya jiƙan matar nan, in ta ji ɗaliba ta ce "gado na shida na kira" ko "mai ciwon sugan nan", ranar sai ta gane kurenta. Takan ce wanda ke kwance yana da suna, yana da iyali da gona da addini, yana jin kunya, yana jin tsoro, kuma duk waɗannan tare da shi aka kwantar da su a gadon. Likita zai zagayo ya duba shi na ɗan lokaci ya wuce, kuma aikinsa ke nan, ban raina shi ba. Amma ƙarfe uku na dare wa ke tsaye? Wa ke lura cewa numfashin tsohon nan ya sauya, ko mai jegon da ke cewa lafiya lau alhali zanenta ya jiƙe da jini, kunya ta hana ta faɗa? Babu katin da ke rubuta wannan. Ido ne da aka horar, da zuciyar da aka koya wa tsayawa.

Baƙonku ya manta da 2010 ne? Ni ban manta ba, don na yi aiki a yankin a lokacin. Yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum suna ta jijjiga suna mutuwa, wasu na cewa zazzaɓi ne, wasu na cewa iska. Ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida, inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara wajen 400 suka rasu. An kawo maganin fitar da gubar daga jini, amma in yaro ya koma kan wannan ƙasar, aikin baya ya koma. Sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidaje. Mu kuwa muna zaune kan tabarma da iyaye mata, muna tambayar ina yaro ke wasa, da wane turmi ake daka hatsi, ina maigida ke ajiye kayan aikinsa in ya dawo. Wata uwa sai da na koma wajenta sau huɗu kafin ta yarda ta faɗa mini cewa turmi ɗaya ne na dutse da na gero. Ba tsawa ta sa ta faɗa ba. Wannan shi ne muhallin da aka rubuta mana a allo, kuma a wata shida ba a koyon sa.

Abin ma ba sabo ba ne. Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila, da ta isa asibitin sojan Ingila a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, kan wanki da shara da abinci da iska mai kyau ta dage, ta kuma riƙa ƙidayar masu mutuwa da dalilin mutuwarsu. Makarantar da ta buɗe a Landan a 1860 ta tsaya ne kan cewa jinya ilimi ce mai zaman kanta. Mu kuma tun kafin ita muna da Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, har Annabi (SAW) ya sa aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu wajenta bayan yaƙin Khandaƙ. 'Yar aiken wa ce ita?

Na san akwai 'yan'uwana da ke daka wa majinyaci tsawa, da masu latsa waya ana kiran su. Na gani, na kuma yi faɗa a kai. Waɗannan sun saki abin da aka koya musu ne. Maganinsu a ƙara tarbiyya, a ƙaro ma'aikata kada mutum ɗaya ta kwana da ɗaki guda cike da marasa lafiya. Rage karatu kuwa ƙara yawansu zai yi. Jikata tana shekarar farko a makarantar jinya, tare muka saurari shirin, kuma na ga yadda fuskarta ta sauya.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Tallar mai maganin da kuka sa bayan dariyar nan, wanda kwalbarsa ɗaya ke warkar da hawan jini da ciwon suga da basir da rashin haihuwa, don Allah wa ke tantance ta? Mutane na ajiye ƙwayoyinsu saboda ita, sai ƙafa ta ruɓe ko ɓarin jiki ya shanye a kwaso mana su. Layin wayarku ma sau bakwai na kira a daren, bai shiga ba.

Ina roƙo ku maimaita shirin, ku gayyato malamar jinya ta zauna kusa da wannan bawan Allah, a bar ta ta gama maganarta kafin a je talla.

Wassalam.

Taku mai sauraro,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Gusau