Wasiƙa daga Bronx: mutumin da ke jikin bango

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata man shafawar yana hannun mai zuwa gida bayan Sallah. Ni ma lafiya lau, aiki da godiya, sai dai sanyi ya fara kunno kai.

Ka ce Baba na tambayar wane ne mutumin da ya fito a bayana cikin hoton da na turo, ko shugaban ƙasarsu ne. Ba shugaba ba ne, ɗan wasa ne. Besbol suke ce wa wasan: wani ya wurgo ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya maka mata kulki ya zura da gudu. Filin ƙungiyar Yankees nan Bronx yake, unguwarmu a birnin New York, ranar wasa jirgin ƙasa ba masaka tsinke. Mutumin kuwa Roberto Clemente ne, kuma a wurin mutanen Puerto Rico ambatonsa kamar ambaton Shago ne a wurin masu son dambe.

Zanen yana bangon kantin wani tsoho ɗan can, inda nake sayen burodi. Da hannu aka yi shi, in ka matsa kusa kana ganin sawun buroshi a kumatunsa. Baƙin mutum ne kamarmu, da hula mai harafin P, da lamba 21 a riga, ya ɗan karkace wuya yana harara gefe. A bayansa mai zanen bai sa filin wasa ba, teku ya sa. Wannan tekun ne ya sa na yi tambaya, tsohon kuwa ya bar ciniki ya ja ni da labari har burodina ya huce.

An haifi Clemente a 1934 a garin Carolina na tsibirin Puerto Rico, mahaifinsa a gonar rake yake aiki. Ya shigo babban wasa a 1955 da ƙungiyar Pirates ta birnin Pittsburgh, bai kuma sauya sheƙa ba har kaka 18. Ya sha wulaƙanci iri biyu, na launin fata da na harshe. 'Yan jarida kan rubuta Turancinsa yadda ya furta don a yi masa dariya, abin da duk baƙo a ƙasar nan ya san ɗacinsa. Duk da haka ya ci kofin ƙasa da su a 1960 da 1971, kuma a ƙarshen Satumban 1972 ya cika bugu 3,000 cif, adadin da 'yan wasa kaɗan ke kaiwa.

Amma ba don wannan tsohon ke share ƙurar bangon kowace safiya ba. Ranar 23 ga Disamban 1972 girgizar ƙasa ta rusa Managuwa, babban birnin Nikaragwa. Clemente ya tara abinci da magani ya aika har jirgi uku, sai labari ya iske shi cewa jami'an gwamnatin Somoza, mai riƙe da ƙasar a lokacin, na karkatar da kayan, ba sa isa ga masu shi. Ka san irin wannan labari, ba sai na faɗa maka ba. Sai ya ce na huɗun da kansa zai raka, a ganinsa ba wanda zai taɓa kaya yana tsaye a kai. Daren 31 ga wata jirgin, tsoho ne kuma an yi masa lodi fiye da kima, ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa. Yana da shekara 38, ya bar mata da 'ya'ya maza uku. Ba a ga gawarsa ba har yau. Wani abokin wasansa, Manny Sanguillén, bai ma halarci taron makoki ba, yana can yana nutso nemansa.

Na san Baba bai son hotuna a bango, ni ma ban ce a rataya ba. Ka dai ba shi labarin, na tabbata zai ce mutumin ya san amana. Akwai wurin shaƙatawa mai sunansa nan bakin kogin Harlem, har yaran 'yan Zango na Ghana na zuwa can wasa.

Batun kuɗin da na turo na mutanen da ruwa ya ci gidajensu, don Allah Yaya kada ka ba kowa saƙo. Ka ɗauki Babangida a babur ku bi gida-gida, ka fara da gwauruwar nan ta bayan masallaci. Abin da ya rage a sai wa Inna gawayi.

Ka gaida Baba da Inna, da matarka da yara, da Malam Liman. A sa ni cikin addu'a.

Wassalam,
Ƙaninka