Wasiƙa zuwa ga ƙanena game da motar marigayi Baba

Daga birnin Lyon, ƙasar Faransa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya tare da Inna da dukkan mutanen gida. Ni ma ina nan lafiya, sai dai sanyi da ya fara shiga. Saƙonka ya iso mini a kan maganar motar marigayi Baba, cewa wani dillali ya zo har gida ya taya ta, kuma Kawu yana ganin a sayar tunda ta shekara biyu tana ajiye ƙarƙashin rumfa. Na yi magana da sauran magada, kowa ya ce ya bar mini shawara, shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake, domin abin da nake so in faɗa ya fi ƙarfin hirar waya. Roƙona shi ne kada a sayar da ita, kuma kai da hannunka za ka tayar da ita.

Ka san ko ni ban san darajar motar nan ba sai da na zo ƙasar da aka ƙirƙiro ta. Peugeot 504 ta fara fitowa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, sannan daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna, wanda shi ne dalilin da ya sa ta cika hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina lokacin muna yara. A nan Faransa motar da ta haura shekara 30 ana iya yi mata takarda ta musamman a matsayin kayan tarihi. Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, yana da 504 fara wadda ba ya yarda kowa ya taɓa mata inji sai shi. Ranar da na gaya masa cewa mahaifina ya bar irinta a Maraɗi, sai ya jawo ni cikin garejinsa, kuma tun daga lokacin duk ranar hutu ina riƙe masa fitila ina koyo. Abin da na koya a wurinsa shi nake son in miƙa maka.

Farkon abin da za ka kiyaye, kada ka ɗauko batir ka murɗa makulli don kawai ka ji ko za ta tashi. Injin da ya daɗe a tsaye duk mansa ya gangara ƙasa, ƙarfe zai goga ƙarfe a bushe. Ka kwance buji huɗun, wato fulogi, ka ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowane rami, ka bar shi ya kwana, washegari ka juya injin da hannu a hankali har ka ji yana zagayawa ba tare da cijewa ba. Tsohon fetur ɗin da ke cikin tanki kuma a zubar da shi duka, domin ya riga ya lalace, kuma shi ne zai toshe kafireto. Kafin ka cire wayoyin buji ka ɗaura wa kowace zare mai launi daban, saboda wuta tana bin silinda ne a jere na 1, 3, 4, 2, idan ka sauya su motar za ta yi ta tari ba ta tashi ba.

Yanzu ga maganar juyen baƙin mai, wato bidanji kamar yadda makanikanmu ke cewa, kuma a nan nake so ka natsu sosai. Wannan karon na farko za ka juye shi a sanyaye, tunda ba ma so ta yi aiki da man da ya tsufa, sai dai ka ba shi lokaci mai tsawo ya tsiyaye. Nan gaba kuwa ka riƙa kunna ta minti biyar zuwa goma kafin ka fara, saboda mai idan ya ɗumama yana tsinkewa, yana kuma fitowa da dattin da ya kwanta. Ka tsayar da ita a wuri mai daidai, ba cikin rairayin ƙofar gida ba, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a bayan taya. Ina roƙonka da girman Allah kada ka taɓa shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, sai ka tokare ta da kututture mai ƙarfi. Idan ma za ka samu ramin gareji a ba ka aro na awa ɗaya, wannan ya fi.

A can ƙasan injin akwai noti guda wanda ke toshe ramin mai. Ka ajiye kwano mai faɗi wanda zai ɗauki fiye da lita biyar, ka sassauta notin da sifana daidai girmansa, sannan ka ƙarasa da yatsu kana danna shi ciki, sai a zagayen ƙarshe ka fizge hannunka gefe, in ba haka ba man zai bi maka har gwiwar hannu. Ka dubi abin da ke zubowa da kyau cikin hasken rana. Baƙi ba laifi ba ne, aikinsa ke nan. Amma idan ka gan shi fari-fari kamar shayin da aka zuba wa madara, to ruwa ya shiga cikin mai, ka tsaya nan ka kira ni kafin ka ci gaba. Haka nan idan ka murza shi tsakanin yatsu ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe.

A jikin notin akwai wani ɗan zobe na jan ƙarfe. Kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba, amma a sake shi duk lokacin juye, domin idan an matse shi sau ɗaya ya baje, ba ya sake riƙe mai yadda ya kamata. Kana ƙarami lokacin, ba lallai ka tuna ba, amma na tuna shekarar da wani yaron gareji ya ga mai yana ɗiga, maimakon ya sa sabon zobe sai ya sa dogon bututu a sifana ya hau kai da ƙarfinsa har zaren ramin ya cinye. Kwana uku motar tana gareji, Baba ya rasa tafiyar Kano, kuma ban taɓa ganin ransa ya ɓaci a kan abin duniya kamar ranar ba. Saboda haka ka fara ɗaura notin da hannu har ya zauna, sannan ka ɗan ƙara matsewa da sifana, ka tsaya.

Filtar mai ita ma a canza ta tare, domin zuba sabon mai a kan tsohuwar filta kamar wanka ne a mayar da riga mai datti. Ka shafa ɗan mai a robar sabuwar, ka murɗa da hannu har ta taɓa jikin inji, ka ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye, kada ka sa mata ƙarfe. Man da ya dace da tsohon inji a zafin ƙasarmu shi ne mai kauri, wanda aka rubuta 20W-50 a jikin galan, kuma injin yana shan wajen lita huɗu. Ka saya a rufe da hatiminsa, kada ka yarda da wanda ake aunawa a kwalba bakin hanya, ko da an ce maka ya fi araha. Ka zuba uku da rabi, ka jira, ka zaro sandar awon mai ka goge, ka mayar ka sake zarowa, ka cika har ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu kusa da ta sama. Idan ta tashi, idonka a kan jar fitilar mai, dole ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan, in ta ƙi ka kashe injin nan take. Maƙwabcina yana juye nasa duk kilomita 5,000, amma shi bai san ƙurar hunturu ba. Kai ka yi a 3,000, kuma ko ba ta yi tafiya ba ka juye sau biyu a shekara, bayan damina da kuma kafin bazara.

Tsohon man kada ka zubar a tsakar gida ko kusa da rijiya, kada kuma a bari wani ya shafa wa dabba a ciwo. Ka zuba a galan ka kai gareji.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Filtar iska ka riƙa dubawa duk mako idan ƙura ta taso. Kurwar fanka, wato igiyar roba da ke juya fankar injin, ka danna tsakiyarta da babban yatsa, kada ta lotsa fiye da santimita ɗaya, idan ta tsattsage a sake ta. Batir kuma ruwansa na musamman ake ƙara masa, kuma idan za ka cire shi ka fara da wayar da ke da alamar ragi. Tayoyin da suka shekara biyu a wuri ɗaya ka duba gefensu, sannan man birki a juye shi gaba ɗaya, wannan kam ka kai wa makanike mai hankali ka tsaya a kansa. Lagireto ne kawai zan ƙara ja maka kunne a kai, domin kan injin nan na alminiyam ne, idan ya yi zafi ya wuce kima lanƙwashewa yake yi, kuma a watan Afrilu zafin Maraɗi yana haura digiri 40. Kullum da safe ka duba ruwa tun injin yana sanyi, kada ka taɓa buɗe murfin yana tafasa, kuma ka guji ruwan rijiya mai kanwa saboda yana toshe hanyoyin.

Ka duba cikin akwatin gaba, ina kyautata zaton ɗan littafin Baba mai jan bango yana nan, wanda yake rubuta kwanan wata da kilomita da ajami duk lokacin da aka yi juye. Ka ci gaba daga layin da ya tsaya. Kuɗin mai da filta da batir zan turo ƙarshen wata in Allah ya yarda, buji da zoben noti kuwa na riga na saya, zan ba wani ɗan garinmu da zai taho. Ranar da ta tashi, ka fara kai Inna Tibiri ta gaida ƴan uwanta, tafiyar gajera ce kuma za ka ji yadda injin yake, Madarumfa sai a karo na biyu. Kuma ka ɗauko mini sautinta a waya ka turo.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. Ka gaida Kawu, ka karanta masa wannan takarda cikin ladabi, ni ma zan kira shi ranar Juma'a. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Wassalamu,
Yayanka.