Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2020

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, shugabanni da 'yan uwa ɗalibai, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi a shekarar da ta gabata, daga ofishin sakatare.

Cikin ayyukan da babban taro ya amince da su, wato darussan hutu ga 'yan sakandare, gasar muhawara da walimar masu kammalawa, babu wanda ya samu. Dalili kowa ya san shi. A ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mai korona na farko a Legas, kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu, ranar 23 ga watan kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani kan tsarin biyan albashi na IPPIS da alkawuran yarjejeniyar da ta yi da gwamnatin tarayya a 2009. Ba ta sanar da janyewa ba sai 23 ga Disamba. Mambobinmu na jami'o'in Bayero, Zariya, Dutse, Sakkwato da Wudil sun dawo gida da 'yar jaka a hannu, kowa na zaton wata guda ne, ashe wata tara ne.

Aikinmu na farko ta'aziyya ce. An kulle Kano daga 16 ga Afrilu, azumi ya kama a cikin kulle, a makonnin nan kuma aka yi ta rasa dattawa a jere, ciki har da Farfesa Ibrahim Ayagi da Sarkin Rano, Alhaji Tafida Abubakar Ila. Wasu mambobinmu sun rasa iyaye da kakanni a lokacin da ba a iya zuwa zaman makoki. Ta waya muka yi gaisuwa, da aka sassauta kulle muka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya jiƙansu da rahama.

A wannan kiraye-kiraye ne kwamitin walwala ya fahimci cewa ba cutar ce ta fi cin ran ɗalibanmu ba, rashin sanin ranar komawa ne. Mutum ya fita majalisa a ce "Malam ɗalibi, har yanzu ba a janye ba?", ya shiga gida a ce ya zama ɗan zaman kashe wando. 'Yan ajin ƙarshe na ƙirga shekaru, domin wanda ya haura talatin kafin ya kammala ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Masu haya a wajen makaranta kuɗinsu ya ƙare ba su kwana a ɗakin ba. Ga abokansu na jami'o'i masu zaman kansu suna ta karatu ta intanet. 'Yan uwanmu mata kuwa nasu ya fi nauyi: da zama ya yi tsawo sai maganar aure ta taso, wasu gidajen har da sharaɗin ajiye karatun.

Saboda haka aka raba sunayen mambobi ga 'yan kwamiti, kowa ya riƙa kiran nasa lokaci-lokaci, ba don kuɗin wata ba, don jin lafiya kawai. A ganina wannan ne aiki mafi amfani da ƙungiyar nan ta yi bara, kuma shi ne mafi arha. Wani ɗan uwa da aka daina jin ɗuriyarsa a zauren WhatsApp, da mai kiransa ya gaji ya taka har gida, sai ya tarar da shi a ɗaki da rana tsaka, taga a rufe, kwanon abincin safe ba a taɓa ba. Mahaifiyarsa ta ce dare yake rayawa da waya, rana ya kwanta, magana ma sai da ƙyar. An zauna da mahaifinsa, aka nuna masa cewa ciwon damuwa ciwo ne da ake magani, addu'a ba ta hana ganin likita. Ya amince, aka raka yaron ɓangaren ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano. Yanzu ya koma makaranta. Sunansa yana wurin mutum biyu kacal, haka kuma zai zauna.

Mun gwada lacca ta Zoom da wata likita 'yar garin nan, amma tsadar data da rashin wuta sun hana yawancin mutane shiga. Da aka yanka bayanin nata zuwa gajerun saƙonnin murya aka tura WhatsApp, har iyaye suka saurara. A maganar aure kuma iyayenmu mata na ƙungiya ne suka shiga gidajen. Wasu sun yarda a rubuta ci gaba da karatu cikin sharuɗɗan aure, wasu sun ƙi.

Sai sana'a. Iyayen ƙungiya sun nema wa masu so gurbi a shagunan ɗinki, gyaran waya da POS, wasu suka bi iyayensu gona da damina. Wata 'yar ajin uku ta fara ɗinka takunkumi da ƙyallayen atamfa a keken yayarta, a yau tana karɓar ɗinkin biki. Abin lura shi ne waɗanda suka samu wurin zuwa da safe su ne suka fi sauƙin kai a waya, ko da abin da suke samu bai taka kara ya karya ba.

Kuɗin wata bai shigo yadda aka saba ba, kwamiti kuma bai matsa wa kowa ba. Abin da aka kashe ya fito ne daga gudummawar tsofaffin ɗalibai, ma'aji zai karanta lissafinsa daban.

An koma makarantu daga 18 ga Janairun 2021, kuma ana gudu da karatu don cike giɓi, jarrabawa na tafe kan mutanen da suka yi wata tara ba su buɗe littafi ba. Don haka kwamiti na roƙon babban taro ya amince da abu biyu: a mayar da tsarin kiran waya aikin dindindin na kwamitin walwala, a kuma ware wani kaso na asusu don kuɗin rajistar waɗanda suka rasa masu ɗaukar nauyinsu. Duk wanda ya san wani a cikin wannan hali ya sanar da jami'in walwala a keɓe kafin a rufe rajista. Za a sanar da ranar zaɓen sababbin shugabanni bayan taro.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya