Gwangwanin madara ba ya wanke huhu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan samarinmu da ke aiki a injinan niƙa roba a nan Kumasi, domin abin ya iske ni har cikin gida.

Ƙanena ya shekara huɗu yana wannan aiki. Fasassun kujeru, bokitai da jarkoki ake kawo musu, su ware, su sassare da adda, su zuba a inji ya mayar da su tsaki, a ɗura a buhu a kai masana'anta. Ranar da na je kai masa saƙo, sai da ya yi magana na shaida shi. Ya yi fari fat da ƙura har gira, ga wani tsumma ya ɗaure a hanci. Rumfar ta kwano ce, babu taga ko ɗaya, ga warin roba mai zafi. Wasu jarkokin kuma maganin feshi ko sinadaran masana'antu aka taɓa zubawa a ciki, haka nan ake niƙa su ba wanki.

Da aka tashi, sai na ga maigidansu yana raba musu madarar gwangwani, wai tana wanke ƙirji. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin su yaran sun yarda da maganar har zuci. Malam Edita, madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu take shiga, hanyoyin ma ba ɗaya ba ne. Manyan ƙwayoyin ƙura hanci yana tare su, majina ta fito da su. Ƙananan da ido ba ya gani su ne ke zarcewa har ƙarshen huhu, inda iska ke shiga jini. Jiki ba ya iya narkar da roba, sai wurin ya kumbura, a kwana a tashi ya yi tabo, tabon huhu kuma ba ya gogewa. Likitoci sun daɗe da sanin haka. A shekarun 1990 an gano wata cutar huhu a jikin ma'aikatan wata masana'anta a jihar Rod Ailan ta Amurka, waɗanda ke shaƙar ƙurar zaren nailan.

Da tari ya kama ƙanena, cewa muka yi hunturu ne. Damina ta zo ta wuce, tari bai tafi ba. Aka yi gwajin tarin fuka, babu. Sau uku muna zuwa wani asibiti, a rubuta magani mu dawo, ba wanda ya tambaye shi sana'arsa. Sai daga baya wata likita ta ce masa, "Wane aiki kake yi? Kana samun sauƙi in ka yi kwanaki ba ka je ba?" Ya ce lallai da ya je gida hutun Sallah tarin ya lafa, yana dawowa ya tashi. Ita ce ta sa aka yi masa hoton ƙirji da gwajin numfashi. Yanzu saurayin da ke buga ƙwallo duk yamma, in ya ɗauko bokitin ruwa daga famfo sai ya tsaya yana haki.

Ba masu niƙa roba kaɗai ba ne. A je Suame Magazin, unguwar makanikai a nan Kumasi, a ga masu fentin mota suna feshi fuska a buɗe, alhali wasu sinadaran da ke cikin fentin sanannu ne wajen haddasa asma. Ga masu ƙona wayar wuta don ciro jan ƙarfe, hayaƙin robar PVC da ke lulluɓe da wayar yana ƙone hanyar numfashi. An rushe kasuwar 'yan gwangwan ta Agbogbloshie a Akara a 2021, amma aikin bai tsaya ba, watsuwa ya yi cikin unguwanni.

Ba cewa nake a rufe injinan ba, da su ake ciyar da iyali, su ne kuma ke rage robar da ke toshe mana kwatoci. Amma Dokar Ƙwadago ta 2003 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi kayan kariya kyauta. Kuɗin madarar nan a sayi takunkumin N95 mai tace ƙura da shi, a riƙa canzawa. Masu fenti kuwa wannan bai ishe su ba, nasu na musamman ne mai tace tururin sinadari. A buɗe rumfuna iska ta ratsa, a yayyafa ruwa kafin shara. Ina kira ga jami'an duba masana'antu su leƙa waɗannan lunguna, limamanmu da sarakunan Zango su yi maganar a huɗuba da wurin taro, likitocinmu kuma, don Allah, su riƙa tambayar mai tari aikin da yake yi.

Ƙanena ya bar aikin bisa shawarar likita. Makon jiya na bi ta wurin, na tarar an ɗauki wani yaro a madadinsa, gemu ma bai fito masa ba, da tsumma ɗaure a hancinsa.

Wassalam,
Wata mai karatu daga Aboabo, Kumasi