Wasiƙa zuwa ga ɗana a Jidda kan allurar insulin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Madina lafiya lau, sai zafi. Mahaifiyarka ta shaida mini likita ya ce ka fara allurar insulin, kai kuma ka roƙi a ƙara maka lokaci ka gwada rage shinkafa da shan zogale. Ta ce gwajin tarakumi, mai nuna yadda sukarin jininka ya kasance a watanni uku da suka wuce, ya kai 10, alhali likitoci na son yawancin manya su zauna ƙasa da 7. Shi ya sa na rubuto, don a waya kawar da zancen kake yi.

Na san abin da ke ranka ko ba ka faɗa ba: baffanka ne, Allah ya jiƙansa. A gabanka aka fara masa allura, ba a daɗe ba aka yanke masa ƙafa, aka shiga wankin ƙoda, mutane suka yi ta cewa allurar ce ta ƙarasa shi. Ni na yi jinyarsa, ka ji daga bakina. Shekaru likita ya yi yana roƙonsa yana ƙi, yana jiƙe-jiƙen saiwoyi, shayinsa kuwa kamar kullum, cokali uku. Har ya kai yakan taka dandamali da tsakar rana babu takalmi bai ji zafi ba, yana ganin ƙarfin jiki ne. Kafin ya yarda, sukari ya riga ya lalata jijiyoyin ƙafa da ƙananan hanyoyin jini na ƙoda da ido. Kamar a kira 'yan kwana-kwana bayan wuta ta cinye rufi, sannan a ce ruwansu ne ya rushe ɗaki. Ba na so in sake ganin wannan a kan ɗan cikina.

Kada kuma ka ɗauka sakacinka ne kaɗai ya kawo ka nan. Insulin tun haihuwa jikinka ke yin sa, a wata gaɓa da ke bayan tumbi wadda likitoci ke kira fankiriyas. A irin ciwon sukarin da ke kama manya, gaɓar nan takan gaji da tafiyar shekaru, ko mutum na kiyaye abinci. Metformin da kake sha taimaka wa jiki yake ya ci moriyar insulin ɗin da ke nan. In ya yi ƙaranci, dole a ƙaro daga waje. An gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, aka fara yi wa ɗan Adam a 1922. Maganin da ya haura shekara ɗari ba a kanka za a fara gwada shi ba.

Allurar kanta ba irin ta da ba ce. Abin kamar biro yake, tsininsa wani bai wuce milimita 4 ba, a fatar ciki ko cinya, kuma da yawa da sau ɗaya a rana ake fara musu.

Inda tsoronka ke da hujja shi ne faɗuwar sukari, tunda tuƙi ne sana'arka. Wannan kam ka riƙe shi da muhimmanci. Ka auna sukarinka kafin ka tayar da mota. In ka ji gumi, karkarwa da yunwa mai tsanani, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, ka tsaya gefen titi, ka ci dabino uku ko ka sha rabin kofin lemo mai zaƙi, ka sake aunawa bayan minti 15. Dabino ya zauna a mota, amma insulin kada ya yini a cikinta, zafin Jidda zai kashe ƙarfinsa. Wanda ba a buɗe ba wurinsa firji, ban da wajen ƙanƙara.

Batun azumi kuwa, malamai da yawa sun yi fatawa cewa allurar da ba abinci ba ce ba ta karya shi, haka ma auna jini a yatsa. Amma ka ga likita kafin Ramadan ya daidaita maka lokaci da adadi, in ya ce ka sha azumi, ka sha, Allah ya yi wa marar lafiya rangwame. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abokan aiki kuma da kake jin kunya, ba su za su riƙe maka yara ba.

Ka koma asibiti cikin makon nan, ka tafi da mai ɗakinka ita ma ta koyi alamomin faɗuwar sukari da abin yi. Ka nemi a duba maka ido, ƙoda da tafin ƙafa. In ka fito ka kira ni, ni da kaina nake son jin abin da likita ya ce.

Mahaifiyarka na gaishe ku. A shafa mini kan jikokina. Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.