Ina Ruwan Kwatamin Argungu Yake Zuwa?

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi wa Gwamnatin Jihar Kebbi tuni kan ruwan ƙazanta na garinmu Argungu.

Da daminar bana na bi kwatar unguwarmu da ƙafa har ƙarshenta. Baƙin ruwa ne mai kumfar sabulu, ga ledoji, ga abin da ya tumbatso daga masai, duk ya gangara fadama. Ƙasa kaɗan na tarar da mata suna wanke kwanoni, wani masunci yana ɗinkin koma. Wannan fa shi ne gulbin da muke alfahari da shi a Matan Fada, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikinsa na kamun kifi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Daga nan yake bi ta Birnin Kebbi har ya faɗa kogin Neja, kuma duk hanya mutane da dabbobi na sha.

Gyaran ba sai da injin mai cin lantarki ba, wutar da dama ba ta zama. Tafkuna uku ake haƙawa a jere a bayan gari. A na farko, mai zurfi, dauɗa take kwantawa. A na biyu gansakuka da ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye saura. Na uku ba zurfi, rana ta kashe yawancin ƙwayoyin cuta, ita kuwa ba mu rasa ta ba. Sai dai a nisanta su da gidaje saboda wari, a daɓe ƙasansu da yumɓu kada su tsiyaya cikin rijiyoyi.

Masu kwashe masai ma a ware musu wurin zubarwa, su daina juyewa a rafi cikin dare.

Naka,
Wani mazaunin Argungu