Laya da guru na jefa yaranmu cikin haɗari a Legas

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ku ba ni fili a wannan shafi domin in ja hankalin Hausawa mazauna Legas, musamman sarakunanmu na unguwanni da shugabannin kasuwa da limamai, a kan ɗaure-ɗauren laya da guru da kambu, da kuma cinikin asiri da ya zama sana'a a tashoshi da kasuwanninmu, alhali yana neman cin rayukan yaranmu.

Duk wanda ya daɗe a garin nan ya san irin kallon da maƙwabtanmu suke yi mana. Da yawansu sun ɗauka cewa kowane Bahaushe a tsume yake, ƙarfe ba ya kama shi, kuma yana iya ɓacewa idan aka rutsa shi. Ban da amanar da aka san mu da ita, wannan zato na daga cikin abin da ya sa wasu masu gidaje suke fifita ɗan Arewa a aikin gadi. Mu kuma, maimakon mu gyara musu fahimta, sai muka riƙa ƙara wa zancen gishiri, domin mai gadi yana ganin idan ana shakkarsa ɓarawo ba zai haura katanga ba.

Masu cin moriyar wannan suna ba a ɓoye suke ba. A Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago, za ka tarar da mutum ya shimfiɗa buhu a bakin hanya, ya jera layu ɗinkakku da jar fata, da ƙahon rago, da ƙulle-ƙullen gari a leda, yana shela da amsa-kuwwa cewa akwai maganin ƙarfe, akwai layar zana da baduhu, akwai farin jini da maganin kasuwa. Idan jama'a sun taru sai ya kira yaronsa, ya yaye masa riga, ya riƙa goga masa wata wuƙa a ciki, wuƙar da ko albasa ba za ta yanka ba. Masu saye kuwa abin tausayi ne, domin yawanci yara ne da suka sauko daga tirela ba da jimawa ba, ba su da ɗan'uwa a gari kuma ba sa jin Yarabanci, sai 'yan ga-ruwa da masu turin baro, da 'yan acaɓa da kasuwarsu ta karye tun da gwamnatin jihar ta hana sana'ar a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022. Tsoro da baƙunci ne suke sa mutum ya ba da kuɗin abincinsa a kan ƙullin da bai san abin da ke ciki ba.

Asarar kuɗin ita ce ƙarama. Yaron da aka tabbatar masa cewa adda ba za ta kama shi ba, shi ne yake tsayawa idan rikici ya tashi, a lokacin da masu hankali suke neman mafaka. Abin da ya fi wannan muni shi ne, a garin da jita-jita take tara mutane cikin ƙiftawar ido, abin da ke ƙugun mutum yana iya zama shaidar da za a kashe shi da ita. Mutanen Ikorodu ba su manta da ta'asar ƙungiyar asiri ta Badoo mai kashe mutane a 2017 ba, da yadda fushin jama'a ya kai ga ƙona mutane a kan zargi kawai. Haka nan a 2023 an ga yadda raɗe-raɗin satar mazakuta ya sa aka riƙa dukan bayin Allah a Abuja, har 'yan sanda suka kama wasu daga cikin masu ihun saboda ƙarya suka yi.

A unguwarmu ma an yi irin haka da wani saurayi mai tallar ruwa. Wani ya yi kururuwa cewa sun gaisa kuma ya ji jikinsa ya canza, nan take aka yi masa caa, aka yaga rigarsa, sai ga guru a ɗaure. Daga nan babu wanda ya sake sauraron rantsuwarsa, kuma ba don dattawan unguwa, Hausawa da Yarabawa, sun shiga tsakani har 'yan sanda suka iso ba, da gawarsa za mu kai maƙabarta. Gurun nan an ce masa na tsari ne.

Ba da masu maganin gargajiya na saiwa da sassaƙe nake ba, waɗanda kowa ya san amfaninsu, haka ma ƙananan camfe-camfe irin na ƙaiƙayin tafin hannu ko rawar ido ba su ne damuwata ba. Damuwata masu sayar da alƙawarin abin da ba su mallaka ba. Addininmu bai bar mu cikin duhu ba, domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta yaƙar irin waɗannan al'adu a wa'azinsa da rubuce-rubucensa. Doka ma ta yi magana: sashe na 210 na kundin laifuka na tarayya da ya shafi kudancin ƙasar nan ya tanadi ɗaurin shekara 2 ga wanda ya jefi wani da maita, da kuma wanda yake tallar kansa da cewa yana da ita.

Saboda haka ina kira ga shugabannin tasha da na kasuwa su daina ba waɗannan mutane wurin shimfiɗa, limamai kuma su ware huɗuba a kan lamarin, su yi ta da Hausar da ɗan ga-ruwa zai gane. Sarakunan Hausawa su zauna da sarakunan Yarabawa na yankunansu su tsara wanda za a kira da zarar an tare wani da irin wannan zargi. Ku ma 'yan jarida ina roƙonku, idan kun buga labarin wanda ya ce an sace masa gaba, ku bi shi har asibiti, ku buga abin da likita ya gani.

Naku,
Mai karanta jaridarku, daga Agege, Legas.